Kwana tara da ɗan jagora a lokacin bukukuwan Alƙahira: sharhi a kan hidimar wani kamfanin yawon buɗe ido

A ƙarshen watan Janairu na shekarar 2025 na yi kwana tara a Alƙahira tare da kawuna, kuma tun daga filin jirgin sama har ranar komawa muna hannun wani ƙaramin kamfani ne da ke shirya wa baƙi ziyara a lokacin bukukuwan birnin. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin akwai abin da zan yaba, akwai kuma abin da zan kushe. Abin da nake so mai karatu ya samu shi ne ma'aunin da zai auna kowane kamfani irinsa kafin ya miƙa kuɗinsa. Yarjejeniyarmu ta ƙunshi mota da direba, da ɗan jagora na kullum, da sayen tikiti a wuraren da ake buƙatarsa. Masauki da abinci kuwa mu muka ɗauki nauyinsu.

Abu na farko da ya sa na amince da su ya faru ne wata biyu kafin tafiyar. Na rubuta musu cewa burina baje kolin littattafai na duniya da ake yi a birnin kowace shekara, sai amsarsu ta zo da tambayar da ban zata ba, wato ko mun san cewa daren ƙarshe na maulidin Sayyida Zainab zai faɗo a tsakiyar kwanakin baje kolin, kuma ko muna da sha'awar halarta, ko kuwa fahimtarmu ta addini ba ta ba mu damar haka ba. Wannan tambaya ta nuna mini abu biyu. Sun san cewa Musulmi sun sha bamban a kan sha'anin maulidi, saboda haka ba su yanke mana hukunci ba. Sun kuma san kalandar garinsu ciki da waje, kuma wannan ilimi shi ne ainihin abin da baƙo yake saye a wurin irin waɗannan kamfanoni, domin mota da direba ana samunsu a kowane lungu.

Bukukuwan Alƙahira suna tafiya ne a kan lissafi uku. Baje kolin littattafai, da bikin fina-finai na duniya da aka fara a 1976 wanda yawanci ake yi a watan Nuwamba, da bikin kiɗa da waƙa na ganuwar Salahuddin da yawanci ake yi a watan Agusta, duk suna bin kalandar Miladiyya. Maulidan Ahlul Baiti suna bin ta Hijira: babban daren maulidin Sayyida Zainab shi ne Talatar ƙarshe ta watan Rajab, na Imam Husaini kuma Talatar ƙarshe ta Rabi'ul Sani. Shammun Nasim, bikin shigowar bazara da Musulmi da Kirista suke fita lambuna tare, yana zuwa ne ranar Litinin da ke bin bikin Ista na Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, don haka ranarsa tana rataye ne da lissafin cocinsu. Tunda shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, haɗuwar da muka tarar tsakanin maulidi da baje koli ba ta kowace shekara ba ce. Ta faru a 2024, ta sake faruwa a 2025, daga nan Rajab ya ci gaba da ja da baya, kuma sai bayan shekara talatin da wani abu zai dawo wannan matsayi. Ɗan jagoranmu ya bayyana mana wannan a daren farko, da alƙalami a bayan takardar otel, sannan ya tsara kwanakinmu a kansa.

Kwana uku muka ba baje kolin, kuma a nan ne kamfanin ya fi nuna ƙwarewa. An fara wannan taro a 1969, shekarar da birnin ya cika shekara dubu da kafuwa a hannun Faɗimawa, a zamanin da Sarwat Ukasha yake ministan al'adu, kuma Dokta Suhair al-Ƙalamawi ce ta jagoranci shirya na farko. Ya daɗe ana yinsa a Madinatu Nasr, unguwar da ɗaliban Azhar daga ƙasashen waje suka fi sani, kafin a mayar da shi cibiyar baje koli ta Sabuwar Alƙahira a 2019, lokacin da ya cika zagaye na 50. Wanda muka halarta shi ne na 56, kuma ƙasar Oman ce babbar baƙuwa. Sabon wurin yana da faɗi da tsafta, amma yana da nisa da tsakiyar gari, kuma kwanakin taron sun dace da hutun tsakiyar shekara na makarantu, saboda haka iyalai suke kwararowa da 'ya'yansu, musamman ranakun Juma'a da Asabar waɗanda su ne hutun ƙarshen mako a Masar. Ɗan jagora ya hana mu zuwa a waɗannan ranaku biyu. Ya sayi tikitinmu ta intanet tun da wuri, a kan fam 5 na Masar kowane mutum, ya kuma sa muka isa ƙofa kafin a buɗe, ta yadda sa'o'i biyu na farko muka yi su cikin natsuwa kafin zaurukan su cika.

Abin da ya fi burge ni shi ne tun daren da ya gabaci zuwanmu wurin ya karɓi jerin littattafan da kawu yake nema, waɗanda galibinsu na fiƙihun Malikiyya ne da nahawu, ya duba a manhajar taron ya rubuta lambar zaure da ta rumfar kowace maɗaba'a. Wanda bai taɓa shiga wurin ba ba zai gane darajar wannan aiki ba. Rumfuna sun fi a ƙirga a tsaye, mutum yana iya yini yana zagaye bai kai ga abin da ya kawo shi ba, dattijo kuwa ƙafarsa ba za ta ɗauki haka ba. Ya san kuma bambancin bugu da bugu. Da kawu ya ɗauki wani sharhi mai mujalladi da yawa saboda arharsa, sai ya matso ya ce da murya ƙasa-ƙasa: "Ya Hajji, ka buɗe tsakiya ka duba rubutun, wannan hoton tsohon bugu ne aka ɗauka, akwai wanda aka tace a zaure na gaba." Kawu ya duba, ya ga haruffan sun dusashe a wasu shafuka, ya mayar. A rumfar Azhar ya bar mu muka zauna sauraron wata lacca bai ƙosa ba, a ɓangaren masu tsofaffin littattafai na Azbakiyya kuma ya ja gefe ya bar kawu ya yi cinikinsa da kansa, sai in an kai ga kalmar da ba mu gane ba ya sa baki. Wannan ma ya kamata a faɗa: Larabcin titi na Masar ya yi nisa da wanda aka koya a littafi, harafin jimun ma "ga" suke furta shi, kuma ɗan jagoran da zai iya juyawa zuwa Fusha, wato Larabcin littafi, ba tare da ya nuna gajiya ba ya cancanci a neme shi da suna.

Ranar Talata, 28 ga Janairu, ita ce daren ƙarshe na maulidi. Tun la'asar ya ce mu bar motar a otel, domin babu abin hawa da zai kusanci masallacin a wannan dare, muka shiga jirgin ƙasa na cikin gari, layi na ɗaya wanda aka buɗe a 1987, muka sauka a tashar da ke ɗauke da sunan Sayyida Zainab, muka ƙarasa da ƙafa. Ban taɓa shiga taro mai cunkoso irin wannan ba. An yi wa masallacin ado da fitilu masu launi tun daga hasumiya har ƙasa, ginin kuma yana sheƙi saboda gyaran da aka kammala masa a 2024. Kowane lungu an kafa tantuna na ɗariƙu, waɗanda suke kira hidima, inda ake ba duk wanda ya shigo shayi da abinci kyauta ba tare da an tambaye shi daga ina yake ba. Mutanen kudancin ƙasar da rawunansu da manyan riguna, da na ƙauyukan arewa da suka yi kwanaki suna kwana a gefen titi, suna tsaye sahu-sahu suna zikiri, masu bege kuma kowa da lasifikarsa, har muryoyin suna hawa kan juna. Misirawa suna kiranta Ummu Hashim, kuma yadda suke ambaton sunan kamar na uwar da ke raye a cikin gida ya taɓa zuciyata ƙwarai.

A wannan dare na ga amfanin mutumin da ya san wuri. Ya sa kawu a tsakiyarmu, ya ce mu mayar da waya da kuɗi aljihun gaba, ya nuna mana wani kantin magani a matsayin mahaɗa idan turmutsutsu ya raba mu. Bai kai mu ƙofar masallaci ba, inda matsi ya fi tsanani, sai ya bi da mu ta wata ƙaramar hanya zuwa tantin wasu mutane da ya sani, aka shimfiɗa mana tabarma, kawu ya zauna ya huta yana sauraron ƙasida har kusan sa'a biyu. Da na tambaye shi ko tabbas a nan aka binne jikar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yi mini kwaskwarima ba. Ya ce Misirawa sun riƙe cewa a nan take, akwai kuma hubbaren da ake jingina mata a kusa da Dimashƙa, kuma malaman tarihi sun yi saɓani a kai. Mai neman ya burge baƙo da ya ba ni amsa guda ya wuce. Gaskiyar da ya faɗa ta ƙara masa ƙima a idona.

Sauran kwanakin mun yi su ne a tsohon gari, titin Mu'izz da masallacin Azhar da gine-ginen Sarki Guri, inda muka kalli masu rawar tannura da siket ɗinsu mai launuka. An tsara su daidai, ba ni da ƙorafi a kai, sai dai duk wani kamfani zai iya yin haka.

Inda suka gaza kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A rana ta biyar, muna hanyar dawowa daga dala a Giza, direba ya tsaya a wani shagon turare da takardun fafiras, irin takardar Misirawan da, ba tare da mun nema ba, ya ce minti goma ne kawai. Muka shafe kusan sa'a guda ana zuba mana shayi ana shafa mana turare a hannu, har kunya ta sa kawu ya sayi kwalba biyu da ba ya buƙata, a farashin da daga baya muka ga ya ninka na kasuwa. Kowa ya san akwai la'adar da ake ba wanda ya kawo mai saye. Ɗan jagora ba ya tare da mu a wannan tafiya, da na gaya masa ya nuna ɓacin rai, kuma ba a sake ba, amma kamfanin da ya karɓi kuɗin hidima cikakke bai kamata ya bar ƙofar da za a ci baƙonsa ta bayan fage ba. Na biyu, motar ta makara sau biyu da safe, sau ɗaya har fiye da minti arba'in, kuma uzurin cunkoson hanya bai gamsar da ni ba, tunda wanda yake aiki a Alƙahira kullum ya san da cunkoson tun kafin ya fito daga gida.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na jigilar littattafai. Sun san mun zo sayen littattafai ne, sun ga jerin da idonsu, amma babu wanda ya yi mana maganar yadda za mu fitar da su sai da kwalaye huɗu suka taru a ɗakin otel, nauyinsu ya zarce abin da jirgi ya yarje mana nesa ba kusa ba. Da na tuntuɓi ofishinsu sai aka ce wannan ba ya cikin yarjejeniya. A takarda sun yi gaskiya, amma wanda ya iya hango haɗuwar Rajab da Janairu wata biyu kafin lokaci ya kamata ya hango cewa mujalladi yana da nauyi. A ƙarshe wani ɗalibin Azhar da muka haɗu da shi a masallaci ne ya raka mu wurin masu aika kaya, muka ɓatar da yini guda cur wanda da mun yi shi a gidan tarihi.

Duk da haka, idan aka tambaye ni ko zan sake ɗaukarsu, zan ce e, da sharaɗi uku da zan sa a rubuce kafin in biya ko sisi: a ba ni wannan ɗan jagora ko wanda ya kai shi sanin Fusha da kalandar bukukuwa, kada mota ta tsaya a shagon da ban nema ba, kuma a haɗa ni da masu aika kaya tun ranar farko. Wanda ya iya Larabcin Masar, yake da ƙarfin ƙafa, kuma baje koli kaɗai ya kawo shi, zai iya yi ba tare da kamfani ba, domin hukuma tana sa motocin safa na musamman zuwa wurin a kwanakin taron. Wanda kuwa zai tafi da dattijo ko da iyali, ko yake son shiga daren maulidi, ina ba shi shawara ya biya kuɗin jagora, kuma tambayar farko da zai yi wa kamfanin ita ce wane biki ne zai faɗo a kwanakin da ya zaɓa. Kawu ya riga ya ce in bincika masa ranar da Talatar ƙarshe ta Rabi'ul Sani za ta kama, domin yana so tafiyarmu ta gaba ta dace da maulidin Imam Husaini.