Haddar Kalmomin Turanci: Ta Haruffa Ko Ta Ma'ana?

Wasu suna tara kalmomin Turanci bisa tsawonsu da haruffan da suka yi tarayya: light, night, fight, sight, duka haruffa biyar, wutsiya ɗaya. 'Yan wasan Scrabble, wasan haɗa kalmomi da haruffa a kan allo, haka suke hadda, domin mai zuba haruffansa bakwai a tashi ɗaya yana samun ƙarin maki 50. Wellington Jighere ɗan Najeriya ya ci gasar duniya ta wasan a Ostireliya a 2015, kuma a wannan fage ba a tambayar ma'anar kalma. Ka san kalmar "qi" halal ce a wasan, shi ke nan.

Amma fa hanyar tana da tarko. Dubi though, through da tough: rubutu kamar 'yan gida ɗaya, furuci kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ɗaya hanyar ita ce tarawa bisa ma'ana: kalmomin kasuwa wuri ɗaya, na asibiti wuri ɗaya. Rubutun zai fi ba ka wahala, sai dai kalmar tana zuwa baki lokacin da kake nemanta. Ɗalibin da WAEC ke gabansa, ni dai nan zan tura shi, ya bar jerin haruffa don gyaran rubutu da dare.