Sharhi kan DCI, hukumar gasar badujala ta Amurka, da gurbin da ta ba ƙananan ƙungiyoyi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin fareti ya ji badujalar sojoji ko ta 'yan sanda tana tashi, ya san yadda ganga da begila suke sa tsikar jiki ta tashi. A Amurka an mayar da wannan kiɗa gasa ta matasa, kuma hukumar da ke riƙe da ragamarta ita ce Drum Corps International, wadda aka fi sani da DCI. Na bi makon ƙarshe na gasar 2024 a jihar Indiyana tun daga ranar Litinin har daren Asabar, domin in ga irin hidimar da hukumar take yi wa ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta, musamman ƙananan da kyamara ba ta cika waiwayarsu ba.

A da, ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion da VFW ne suke shirya manyan gasanni. Da shugabannin makaɗan suka gaji da tsauraran dokoki da kuma ɗan abin da ake tsam musu daga kuɗin ƙofa, sai ƙungiyoyi 13 suka haɗa kai suka kafa tasu hukumar. An yi gasar farko a 1972 a garin Whitewater na jihar Wisconsin, inda Anaheim Kingsmen ta ɗauki kofi. Har yau shugabannin ƙungiyoyin ne suke jefa ƙuri'a kan dokokin wasa.

A fannin tsari da kiyaye lokaci, ban ga abin kushewa ba. Ƙungiya takan shigo filin ƙwallon Amurka da masu busa kayan tagulla da makaɗa da masu wasa da tuta da bindigar katako, ta yi wasa na kimanin minti 11, ta kwashe kayanta, ta gaba ta shigo ba tare da ɓata lokaci ba. Maki 100 ne: 40 na tasirin wasan gaba ɗaya, 30 na kiɗa da busa, 30 na tafiya da abin da ido ke gani. Alƙalai suna naɗar bayaninsu yayin da ake wasan, ƙungiya kuma ta saurara daga baya ta san inda za ta gyara. Wannan a ganina shi ne mafi amfani cikin dukan abin da DCI take bayarwa, domin ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe tana tafiya da gyara dalla-dalla kamar yadda zakara take tafiya da shi.

Rukunin manya shi ne World Class, inda ƙungiya take iya kaiwa mutum 165, iyakar shekaru kuwa 21, sai ɗan sassauci ga wanda ya cika 22 bayan shigowar watan Yuni. Waɗannan sukan shafe rani suna ratsa jihohi a manyan motoci, suna kwana a daɓen zauren motsa jiki na makarantu. Guda 12 ne kawai suke kaiwa wasan ƙarshe a filin Lucas Oil na Indiyanafolis, inda ake yin gasar tun 2009. A 2024 da na je, Bluecoats ta jihar Ohayo ce ta yi nasara, kuma ta cancanta.

Amma garin Marion ne ya fi tsaya mini a rai, wato inda rukunin ƙananan ƙungiyoyi, Open Class, ya yi nasa wasan ƙarshe a filin jami'ar Indiana Wesleyan, tafiyar awa ɗaya da wani abu a arewa da Indiyanafolis. Kafin a fara na zaga wajen ajiye motoci, na tarar da makaɗan wata ƙaramar ƙungiya sun yi layi suna maimaita bugu guda ɗaya, malaminsu yana tsayar da su yana cewa a sake, kowa da tulun ruwansa na roba a gindinsa, rana ta ƙona musu wuya da kafaɗa. Can gefe wasu iyaye mata suna zuba abinci a faranti daga bayan motar girki. Da suka shiga fili ba su cika ko rabinsa ba, amma mai busa ɗaya idan ya yi kuskure kowa zai ji, domin babu taron da zai rufa masa asiri, kuma ban ji wanda ya yi ba. Spartans ta jihar New Hampshire ce ta lashe rukunin, ko da yake waccan ƙaramar ƙungiya nake ta tunawa har yanzu.

A nan ne ƙorafina yake. Kafin 2008 ƙananan ƙungiyoyi suna da rukuni biyu, Division II da Division III, kuma na ukun an ware shi ne ga masu ƙarancin mutane, su ma su yi zakaransu. Da aka haɗe su aka kira su Open Class, sai ƙungiyar unguwa mai mutum hamsin ta koma karawa da wadda ta ninka ta, wani lokaci ma da ƙannen manya irin su Blue Devils B, waɗanda suke da babbar uwa a bayansu. Duk adalcin alƙali, ƙarar mutum ɗari ba ɗaya take da ta hamsin ba. Tun da aka halatta amfani da lasifika a 2004, sannan kayan kiɗa na lantarki a 2009, tsadar shirya wasa ta ƙaru, ga kayan ado na fili da sai an yi hayar mota domin ɗaukarsu. Kuɗin da yaro yake biya a manyan ƙungiyoyi ya kai dubban daloli. Idan babbar ƙungiya kamar Santa Clara Vanguard ta kasa fita a 2023 saboda matsin kuɗi, Cadets kuma, wadda aka kafa a 1934 ta ci kofi sau 10, ta rufe a 2024, to ƙaramar ƙungiya tana tafiya ne a kan siraɗi.

Dole in yaba wa hukumar kan ƙofofi biyu da ta buɗe. A 2013 ta ƙirƙiro SoundSport, inda mutum 5 ma sun isa su kafa ƙungiya, ba iyakar shekaru, ba a hana kowane irin abin kiɗa ba, kuma ana ba da darajar zinariya ko azurfa ko tagulla gwargwadon ƙwazon kowa. Wannan ya rage wa masu tasowa nauyi ƙwarai, sai dai tazarar da ke tsakaninsa da Open Class tana da faɗi, kuma nan ne ya kamata a mayar da rukunin da aka soke. Ta biyu ita ce rukunin All-Age, wanda ba shi da iyakar shekaru, da aka fara a 2024, ya kuma karɓi ƙungiyoyin tsohuwar hukumar gasar badujala ta Drum Corps Associates (DCA), inda za ka ga mai furfura yana busa kusa da sa'ar jikansa.

Ga mai niyyar zuwa, shawarata ita ce ya sayi tikitin ranar Alhamis, domin a ranar ne ƙanana da manya suke wasa a fili ɗaya, ya kuma nemi kujera a sama daidai tsakiyar fili don ya ga zanen da sahu yake fitarwa. Ya zo tun da safe, lokacin da ƙananan suke wasa gaban kujeru da yawa da babu kowa a kansu. Wanda yake nesa zai iya biyan kuɗi ya kalla kai tsaye ta FloMarching a intanet. A watan Agusta agogon Najeriya da Nijar yana gaban na Indiyana da awa 5, saboda haka wasan ƙarshe na Asabar yakan kai kusan asuba, ƙananan ƙungiyoyin na ranar Alhamis kuwa suna fitowa ne daga azahar zuwa la'asar.