Zuwa Kumasi a hutun Kirsimeti: mota ko jirgi?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce aminin marigayi mahaifinka, malamin nan ɗan Ghana da ya koyar a garinku ta wajen Gumel kafin korar baƙi ta 1983, shi da 'ya'yansa sun gayyace ku Kumasi bikin Kirsimeti. Za ka je da maiɗakinka da yara uku, autan bai kai shekara biyu ba, kana son sanin wanne ya fi, mota ko jirgi. Allah ya saka muku da alheri da kuka riƙe wannan amana fiye da shekara 40. Zumunci a ƙafa yake, ina goyon bayan tafiyar ɗari bisa ɗari.

Takardu dai iri ɗaya ne ko ta ina kuka bi. Ghana tana cikin ECOWAS, ba kwa buƙatar biza, kuna iya zama har kwana 90. Amma kowa da fasfonsa, har na goye, kuma sai da lambar NIN ake yin fasfo, don haka ka fara da ta yaran tun yanzu. Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allurar. Kada ka bar shi sai ana jibi tafiya.

To, mota. Na san me zuciyarka za ta fara raya maka: ga Maigatari nan kusa, me zai hana a ratsa Nijar da Burkina Faso a gangaro ta Tamale? Ka cire wannan daga ranka. Ƙasashen biyu sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma hanyar Yamai zuwa Wagadugu tana fama da 'yan bindiga, ba wurin kai mace da yara ba ne. Hanyar da ta rage ita ce ta Legas. Daga Kano kusan kilomita 1,000 ne, yini da kwana a cikin doguwar bas. Daga Legas zuwa Akra tazarar ba ta kai rabin wannan ba, amma iyakoki uku ne a gabanku: Seme tsakaninmu da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao ta shiga Ghana. A kowacce a sauka, a bi layi, a buga hatimi, a duba kaya. Wannan ma yini guda ne cur. Daga Akra kuma Kumasi kusan kilomita 250. Ka lissafa kwana uku zuwa, kwana uku dawowa, ga hutun zangon farko na makaranta gajere, farkon Janairu an koma.

Ka kuma tuna lokacin. Daga tsakiyar Disamba 'yan kudu mazauna Kano suke ɗunguma zuwa gida, motocin Sabon Gari a cike maƙil, kuɗin kujera ya hau. Yanzu ka duba maiɗakinka a kujera ɗaya da yaro a cinya tun la'asar har wayewar gari, ga kunzugu yana son canji, ga na tsakiya yana cewa fitsari, direba kuwa ba zai tsaya ba sai inda ya saba tsayawa. Salla ma sai an haɗa. Wannan wahalar ba a rubuta ta a jikin tikiti, kuma mafi yawanta a kan uwar yaran take sauka.

Ba na hana mota haƙƙinta. Ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, musamman ga mutum biyar. Tana ɗaukar tsaraba yadda ranka yake so, buhun gero, daddawa, kuka, zuma, tabarmin kaba, abubuwan da tsohon zai gani ya tuna zamansa a Jigawa. Manyan yaran kuma za su ga teku a Kwatano da Lome da idonsu, su ji ana Faransanci, su riƙe sefa da sidi a hannu. Sai dai kafin ka ce ta fi araha, ka haɗa da kuɗin masauki a Legas, da abincin hanya na kwana shida, da ɗan abin da yake zubewa wajen canjin kuɗi a kowace iyaka. Ratar tana nan, amma ta ragu.

Jirgi kuwa zancensa gajere ne. Ka tashi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Legas ko Abuja, ka canza zuwa Akra. Daga Legas awa ɗaya ce kacal. Idan komai ya daidaita, ka yi asuba a Kano ka yi isha a Ghana, washegari ku shiga bas zuwa Kumasi. Autan da bai cika shekara biyu ba a cinya zai zauna, kuɗinsa kaɗan ne, manyan biyu kuwa kowa da kujerarsa. Matsalolinsa biyu ne. Ta farko tsada, domin tun bikin dawowa gida da Ghana ta yi a 2019, Disamba ya zama watan da 'yan ƙasar mazauna Turai da Amurka da baƙinsu suke cika Akra, mai jinkirin sayen tikiti shi ne yake shan kuɗi. Ta biyu hazo. Mu da muke nan mun san yadda hunturu yake rufe sama a ƙarshen Disamba, jirgin Kano yana iya makara ko a soke shi. Saboda haka kada ka sayi tikiti biyu da awa biyu kawai a tsakaninsu, gara ka ba da rata mai yawa ko ku kwana a Legas.

Ni a ganina, da wannan autan a hannu, jirgi za ku bi. Idan kuɗin riɗin bana bai isa mutum biyar ba, ku raba hanyar: jirgi daga Kano zuwa Legas, wanda shi ne zangon da ya fi tsawo da tafiyar dare, sannan bas ta kamfani daga Legas zuwa Akra da rana. Ta kamfani nake nufi mai zuwa kai tsaye, ba ƙananan motocin da za su sauke ku a Seme da kaya da yara ku nemi wata ba. Mota zalla sai in ku biyu ne manya, ko yaran sun tasa.

Ko wacce ka zaɓa, ku tashi kafin 20 ga wata, ku dawo da sauran kwana biyu ko uku kafin a koma makaranta. Ka sanar da masu masaukinku yawanku da ranar isowa, ka kuma yi musu zancen yanka ba tare da jin nauyi ba. Mutumin da ya zauna cikin Hausawa ya san wannan, kuma a Aboabo da sauran zangunan Kumasi akwai mahauta Musulmi da masallatan Juma'a, Hausa ake yi. Agogon Ghana yana bayan namu da awa ɗaya, ka kiyaye wajen faɗa musu lokacin da za su tarye ku a tasha.