Ɗigo, Murabba'i ko Dala: Wace Alama Za Ka Sa a Tallarka?

Makon jiya ƙanena mai sayar da kayan gwari a Farin Gada, nan Jos, ya nuna mini jerin farashinsa a waya. Wani mai kwamfuta ya biya ya tsara masa. Sai ga harafin n a gaban kabeji, n a gaban karas, n a gaban dankalin turawa.

"Yaya, ina wannan n ɗin ya fito? Wallahi baƙin murabba'i na gani a kwamfutarsa."

Da Wingdings aka yi masa aikin. Salon rubutu ne da Microsoft ta fitar a 1990, wanda ke sa wa harafi rigar alama: n ya zama ■, l ya zama ●. Muddin rubutun ya je na'urar da ba ta da salon, rigar aro ta tuɓe, harafin ya fito tsirara. In takarda kawai za a buga a wannan kwamfutar, ba laifi. In turawa za ka yi, ka ce ba ka so.

Abin da nake zaɓa shi ne alamar asali ta Yunikod, wato tsarin haruffa da alamomi na bai-ɗaya da kwamfutoci da wayoyi ke amfani da shi. Kowace tana da lambarta da duk na'urori suka amince da ita, kuma akwai rukuni guda na siffofi 96, daga U+25A0 zuwa U+25FF. Murabba'i ■ shi ne 25A0, dala ▲ 25B2, lu'ulu'u ◆ 25C6, ɗigo ● kuwa 25CF. A Word, rubuta lambar ka danna Alt da X tare, nan take ta rikiɗe. Tsofaffin alamomi ne, da wuya ka samu wayar zamani da ta kasa nuna su. Kada kuma wani ya karɓi ko sisi a hannunka da sunan sayen salo: Segoe UI Symbol na cikin Windows, DejaVu Sans da Noto na Google kyauta ne. Akwai dai ’yan kaɗan masu taurin kai, irin su ▶, wadda a wasu wayoyi emoji take komawa, kamar maɓallin kunna bidiyo.

Masu launi irin 🟢 da 🟥 sun fi ɗaukar ido a WhatsApp, ba musu. Amma sai a 2019 suka shigo da Yunikod 12, saboda haka kwastoman da wayarsa ta kwana biyu akwati fanko zai gani. 

Inda kuɗi ke zurarewa a ɓoye shi ne tes, wato saƙon SMS. Saƙo ɗaya na ɗaukar harafi 160 in duk haruffan Turanci ne na gama-gari. Jefa ● guda ɗaya tak, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal. Tallar harafi 150 da za ta tafi a shafi ɗaya ta zama shafi uku, ka lissafa da kwastoma ɗari biyar. Abin haushi, ƙ da ɗ da ɓ namu da alamar ₦ ma haka suke yi, shi ya sa ’yan kasuwa ke rubuta N kawai. A tes, ɗan jan layi - ko tauraro * ya wadatar.

Katin biki ko allon shago kuwa, ka ce wa mai bugawa ya zana siffar da kansa, ko ya ba ka PDF da salon a cikinsa, ka buɗe a wayarka tun kafin ka biya.

Ƙanen nawa dai ● muka sa masa a na WhatsApp, na tes muka bar shi da jan layi. Da ya koma wurin mai kwamfutar neman ragowar kuɗinsa, sai mutumin ya ce ai wayar ce ba ta da kyau.