Kafin ki biya kuɗin littafin sojan da ya dawo gida

Tun bayan babbar salla 'yan'uwa uku suka turo min tambaya iri ɗaya: wane littafin soyayya za su saya mai labarin sojan da ya dawo daga fagen daga da tabo a zuciya, har Allah ya haɗa shi da wadda hankalinsa zai kwanta a wajenta? Ba zan kama sunan littafi ko marubuciya ba, ba na son magoya baya su cika min waya da zagi. Amma na karanta irinsu da yawan gaske, kuma duk wanda za ki ci karo da shi da wuya ya wuce kashi huɗu.

Akwai sojan gayu. Shekararsa 29 amma Manjo Janar ne, fari, dogo, miskili, motocinsa har rumfa guda. Ciwonsa kawai shi ne ba ya murmushi, sai daka wa 'yan aiki tsawa. Wanda ya shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja a Kaduna, a ɓangaren sojan ƙasa shekara biyar yake yi kafin ya fito da anini ɗaya a kafaɗa, to yaushe ya zama janar? Kaki kawai aka ara masa. Akwai kuma wanda aka kwaso daga littafin Turawa: ya dawo daga wata "iyaka" da ba a faɗi sunanta ba, ya tare shi kaɗai a gidan gona da doki da kare, ba uwa, ba gwaggo, ba maƙwabcin da zai leƙo ya yi masa barka da arziki. Sojan Amurka ne da ya dawo daga Iraƙi aka kafa masa zanna bukar. Na uku shi ne na asiri, inda a tsakiyar labari za a gano kishiyar uwarsa ce ta binne laya, a tono a ƙona, washegari ya miƙe garau. Ban ce babu sihiri a duniya ba, amma wannan ragwancin alƙalami ne.

Na huɗu shi ne wanda na fi so, kuma ba zan ɓoye ba. Jaruminsa kofur ne ko saje, wanda ya shiga ta Depot ɗin Zariya inda ake horar da kuratan soja, aka tura shi Arewa maso Gabas zamanin Lafiya Dole, rundunar yaƙi da Boko Haram, kafin a canja wa rundunar suna zuwa Haɗin Kai a 2021. Ya yi shekaru a Baga ko Damboa ko bakin Sambisa. Ya dawo yana jan ƙafa, ko kunne ɗaya ya daina ji, takardun fanshonsa na cikin leda yana zarya da su Abuja. Ba shi da komai da zai burge budurwa a shafin farko, shi ya sa soyayyar take da daɗi in ta zo.

Dalilina a gida yake. Yayana da nake bi ya yi shekara huɗu a can. Ranar da ya dawo Inna ta yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe, muna zaune a tsakar gida ƙanwarmu ta saki murfin tukunya a kan siminti. Kafin mu ɗago kai Yaya yana kwance rub da ciki a bayan randa, hannunsa na lalubar abin da babu shi. Ya tashi yana kakkaɓe riga yana murmushin yaƙe, ya ce, "Inna, santsi ne ya kwashe ni." Inna ta ce, "Sannu Babana, zo ka ci kada ya huce." Ba wanda ya ƙara ɗaga zancen har aka kwashe kwanuka.

Don haka in na buɗe shafukan kyauta na littafi, daren farko a gida nake nema. Ya yi barci kuwa? A masallaci ina yake tsayawa, sahun gaba ko kusa da ƙofa? In tayar A-daidaita-sahu ta fashe a titi me jikinsa yake yi? Yana iya wucewa ta gaban mai tsire ba tare da ƙaurin ya juya masa ciki ba? Likitoci suna kiran wannan lalura PTSD: mugayen mafarkai, abin da ya wuce ya dawo wa mutum kamar yanzu yake faruwa, gudun duk abin da zai tuna masa, zama cikin ɗar-ɗar, saurin fushi. Wani ma sai ya yi watanni a gida lafiya lau kafin ta bayyana. Marubuciyar da ta san wannan za ki gane ta tun a shafi na biyar.

Sai ki duba yadda aka zana matar. In ta zama mala'ika wadda kallo ɗaya nata ke kashe ciwon shekara huɗu, ajiye littafin. Ta gaskiya tana gajiya. Tana kuka a banɗaki don kada ya ji, tana yin yaji, ta dawo bayan an yi biko. Ita ce za ta yi ta lallaɓa shi ya je asibiti yana cewa shi ba mahaukaci ba ne, har wata rana ya yarda su je asibitin soja na 44 a Kaduna, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri, ana addu'a ana shan magani, ba a raina ɗaya ba. In kika dace da wanda jarumar bazawara ce, matar abokinsa da ya kwanta dama a bakin daga, shi ya kawo mata agogon mamacin, riƙe shi da hannu biyu. Haka nan na tsofaffin sojan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka je Laberiya daga 1990, sai dai samunsa sai an tona.

Yanzu inda za ki saya, a nan ne raina yake ɓaci. Bugagge ya fi kwanciyar hankali in kin samu, a Kasuwar Sabon Gari ta Kano ko wajen masu littafi na garinku, sai dai ki tabbata an haɗa miki na ɗaya har na ƙarshe a hannu ɗaya. Manhaja irin ArewaBooks tana nuna miki shafuka kafin ki biya. Wattpad galibi kyauta ne, amma cike yake da labaran da masu su suka yasar a hanya. Na sauraro a YouTube ban da ni, ana tsaka da kuka talla ta shigo.

Gurup ɗin kuɗi na WhatsApp da Telegram kuwa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Na taɓa biyan naira 1,000 na shiga wanda aka ce na manyan baƙi ne, saboda shafuka 15 na kyauta sun tafi da ni. Aka yi ta turo mana har shafi na 47, inda aka kwantar da sajen da ke cikin labarin a asibiti. Sai shiru. Aka ce waya ta faɗa ruwa. Bayan sati uku aka ce rashin lafiya, muka yi ta jera addu'a. Wata biyu sai ga tallar sabon littafi, da lambar asusu a ƙasa. Tun daga ranar ba na biyan littafin da ba a gama ba, cinikin biri a sama ne.

Kuma ba wannan kaɗai ba ne. Wasu ba su ne marubutan ba sam, kwafe littafin mutane suke yi su sayar da rabin kuɗi, ki biya ɓarawo, wadda ta kwana tana danna waya ba ta ga sisi ba. Ki nemi lambar daga shafin marubuciyar da kanta, in sunan asusu ya bambanta ki tambaya tukuna. Wanda ya dage sai katin waya zai karɓa, ki yi hattara, kati ba ya barin sawu. Wasu tsohon littafi suke canja wa suna. Na taɓa kama ɗaya saboda an manta da tsohon sunan jarumar a wuri biyu. Wasu za su ce "cikakke ne", ki buɗe ki tarar an maimaita babi huɗu don ya yi kauri, don haka ki sa a nuna miki hoton shafin ƙarshe. Wasu kuma ciwon sojan fakewa ce, daga shafi na 20 batsa ce zalla da sunan "na matan aure ne", ga waya tana yawo a hannun yara. Mafi muni, wanda zai ce ki turo lambobi shida da suka shigo wayarki don a saka ki a gurup. Waɗannan lambobin mabuɗin WhatsApp ɗinki ne, kina turawa an ƙwace shi, a fara roƙon danginki kuɗi da sunanki.

Wancan gurup ɗin kuwa har yau ban fita ba. Mu kusan talatin ne a ciki, lokaci-lokaci wata takan yi sallama ta tambaya ko an sallamo saje daga asibiti.