Sanyaya ƙuru bayan tseren tsallake shinge a zafi: ruwan ƙanƙara ko ruwa mai ɗumi?

Hajiya, kin ce 'yarki za ta shiga gasar tsallake shinge a fili da ƙurunta, wato ƙaramin doki, a Ingila cikin watan Yuli, kuma masu barga sun rabu biyu: wasu na cewa da ya iso a sheƙa masa ruwan ƙanƙara, wasu na cewa ruwa mai ɗumi da tawul jiƙaƙƙe, a zagaya da shi a inuwa. Ni ina bayan na farko.

Hanyar ruwa mai ɗumi ita ce ta iyaye da kakanni, kuma tsoro ne ya haife ta. An daɗe ana cewa ruwa mai tsananin sanyi kan sa naman cinyar doki ya ƙage, ko ya jawo masa ciwon ciki. Shi ya sa ake shafa ruwa kaɗan a wuya da ƙafafu, a yafa tawul, a goge, a hana shi sha sai ya huce. Idan rana mai sauƙi ce kuma akwai iska, hakan na iya wadatarwa, musamman ga ƙuru, tunda ƙaramin jiki ya fi babba saurin fitar da zafi. Amma tawul ɗin nan, taɓa shi bayan minti biyu ki ji: ya yi ɗumi, ya koma bargo. Ranar da iska ke cike da danshi kuwa, gumi ba ya bushewa, sai dai ya riƙa ɗiga ƙasa a banza.

Ita kuma hanyar ruwan sanyi daga bincike ta fito. Dawaki sun sha wuya a gasar Olamfik ta Basalona a 1992, ga kuma Atlanta ta 1996 na tafe da zafi da danshi. Sai hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta sa masana, ciki har da Dokta David Marlin, suka zurfafa bincike. Abin da aka gano shi ne ruwan ƙanƙara ba ya cutar da naman doki, kuma ya fi komai saurin sauke zafin jiki. Lafiyayyen doki zafin jikinsa kusan digiri 38 ne, amma bayan irin wannan sukuwa yakan haura 41, inda haɗari yake. A Atlanta aka kafa manyan fankoki masu fesa ruwa, a Olamfik ta Tokiyo kuma a 2021 aka fara zagayen tsallake shinge a fili tun kafin ƙarfe takwas na safe don a guje wa rana.

Ga yadda ake yi: da yarinya ta sauka, a kwance sirdi. Mutum biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowa da bokiti, a dinga kwararawa daga wuya zuwa gadon baya har cinyoyi, ba ƙaƙƙautawa. Kada a tsaya goge ruwan. Lokacin gogewa gara a ƙara bokiti. A ɗan taka da shi, a dawo a ci gaba, har numfashi ya lafa. A ba shi ruwa ya sha nan take, domin doki kan zubar da lita 10 zuwa 15 na gumi a awa guda cikin zafi, gumin kuma cike yake da gishiri. Masu dawakinmu da ke ba doki kanwa sun san wannan ƙishin, ko da yake a can Ingila gishiri na musamman ake zuba masa a abinci.

Aibin wannan hanya ɗaya ne, tana cin ruwa da ƙanƙara da hannuwa. Ki tambayi masu shirya gasar tun yanzu ko akwai ruwa kusa da inda ake ƙarasawa. In babu, ki cika jarkoki da ruwa, kula kuma da ƙanƙara, daga gida. Kuma a fara motsa ƙurun cikin zafi kamar mako biyu kafin ranar, jikinsa ya saba.

Idan ya fara tangaɗi, ko haki ya ƙi tsayawa, ko jiki ya yi zafi amma babu gumi, a kira likitan dabbobi na filin, ana kira ana ci gaba da zuba ruwa.