Biron kwantabul na Yantala: wanda ke son sanin abin da haraji zai ci cikin ƙarin albashi ya leƙa

'Yan uwa masu albashi a Yamai, akwai wani ƙaramin biro na kwantabul a Yantala da nike so in ba ku labarinshi, mutum biyu ne kawai ciki, wani dattijo da wata yarinya mai buga takardu, amma aikin da suka yi mana ya fi ƙarfin jika 10 ɗin da suka karɓa.

A wurin aiki ne aka ce in bar rabin wuni in koma cikakken wuni, albashi ya tashi daga jika 200 zuwa 280. Kowa a gida da nashi zance, wata ta ce haraji zai cinye ƙarin duka, wani ya ce in na shiga matakin sama har tsohon albashin ma sai ya ragu, shi kuma maigida tsoronshi kar kuɗina su haɗu da nashi a ƙara mishi haraji. Malamin nan ya ɗauki bik ya warware mana su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Hajiya, ITS, wato harajin albashi, hawa hawa ne, yana farawa daga kashi 1 cikin 100 ya ƙare a kashi 35 ga abin da ya wuce miliyan a wata, kuma kowane mataki abin da ya faɗo cikinshi kaɗai yake taɓawa, jika 25 na farko kashi 1 ne ko kai darakta ne ko mai gadi. To ba yadda za a yi ƙarin albashi ya maida mutum baya. Zancen haɗa kuɗin miji da mata kuwa ya ce wannan tsarin Faransa ne inda ake lissafa iyali wuri guda, nan kowa patoron ɗinshi ke cire mishi nashi kafin kuɗi su shigo hannu.

Amma fa bai yi mini daɗin baki ba, abin da ya burge ni ke nan. Ya nuna mini ƙarin nawa duk cikin matakin kashi 25 zai faɗa, wanda ke tsakanin jika 150 da 300, ga CNSS, asusun fanshon ma'aikata, kashi 5,25, ragin haraji da ake yi saboda yara kuma yana kan takardar maigida ni ban da ita. Cikin jika 80 sama da 20 sun tafi tun kafin in gan su. Sai ya juya takardar ya ce yanzu mu yi lissafin da DGI, hukumar haraji, ba ruwanta da shi: wa zai ɗauko yara daga lakwal da rana, wa zai ɗora tukunya? Mai aikinmu rabin wuni take, in za ta wuni sai an ƙara mata, ga taksi, ga abincin rana da zan riƙa saye tunda ba dawowa gida, ga ƙaramin da za a bari jardan har marece. Da muka tattara abin da ya rage bai kai jika 20 ba, a kan awa huɗu kullum da ba ni gida.

Ni gaskiya nan ne abin ya yi mini ciwo. Kashi 25 a kan wanda ya wuce jika 150 da kaɗan, a garin da haya da kuran da buhun shinkafa suka isa su cinye wannan kuɗi, yayi nauyi. Kuma mata yake fi dannewa, don mu ne in mun fita sai an biya wata ta riƙe gidan, namiji in an ƙara mishi awa ba wanda ke tambayarshi wa zai dafa. Duk da haka na karɓi aikin, saboda malamin ya tuna mini kuɗin CNSS ba ɓata suke ba, fansho na bin albashin da aka rubuta, maigida kuma ya ajiye darasin marece da yake bayarwa shi ke ɗauko ƙaramin.

Inda suka gaza: takardar da suka buga mana duk Faransanci ne mai tsauri, bayanin baki ne kawai ya zo da Hausa, sai da na rubuta nawa a gefe. Ba su ba da randebu, wanda ya riga zuwa shi ake gani, wajen ƙarshen wata kuma 'yan kasuwa ke cika wurin, kujeru uku ne tak kuma in kuran ya tafi sai zufa. Ku je tsakiyar wata da safe, ku riƙe bilitin ɗin albashi na ku biyu da takardun haihuwar yara, in ba su ba zai fara lissafin ba.